Abin da Ke Raba Kan Magoya Baya Idan Ƙungiya Ta Naɗa Sabon Koci

A ranar Juma'a, 1 ga watan Nuwamba na 2024, Manchester United ta sanar da cewa ta ɗauki Ruben Amorim, ɗan ƙasar Fotugal mai shekara 39, a matsayin sabon kocinta, kwana huɗu bayan ta sallami Erik ten Hag. A ƙauyenmu da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa lokacin kaka ne, jama'a na fama da yankan dawa da roron wake, amma kafin magariba labarin ya game gari ta wayoyin samari da akwatunan rediyo. Da daddare, a teburin mai shayi da ke daura da gidan kallon ƙwallo, an yi musu mai zafi, kuma abin da ya ja hankalina shi ne, waɗanda suka fi ɗaga wa juna murya duk magoya bayan ƙungiya ɗaya ne. 'Yan Arsenal da 'yan Chelsea sun koma gefe suna sauraro. Wasu na murna kamar an riga an ɗauki kofi, wasu na cewa sun ji irin wannan yabo a kan mutum biyar kafin shi, wasu kuma sun yi shiru saboda har lokacin ba su huce da korar wanda ya ciyo musu kofin FA a hannun Manchester City wata biyar da suka wuce ba.

Na sha ganin irin wannan rabuwar kai, a kan ƙungiyoyi daban-daban, kuma ina ganin ta cancanci a zauna a dube ta da idon basira, domin mutanen da ke musun sau da yawa kowa tambayar da yake amsawa daban ce, ko da yake sunan mutum ɗaya suke ambata.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yadda ƙwallon Turai ke isowa gare mu. Muna kallonsa ne a rumfar kwano, a kan benci, da ƙarar janareta a bayanmu, bayan mun biya kuɗin shiga a bakin ƙofa. Abin da talabijin ya nuna mana shi ne iyakar abin da muka sani. Idan aka zura ƙwallo, kyamara takan juya kan koci, idan aka ɓarar da dama ta sake juyawa kansa, idan an tashi wasa shi ake tsayarwa a yi wa tambayoyi. Masu ƙungiya da daraktan wasanni da masu farautar 'yan wasa da likitoci ba kasafai ake nuna su ba, kuma da yawa daga cikinmu ba su bin Turancin masu sharhi sosai balle su ji abin da ake faɗa a kansu. Saboda haka koci ya zama shi ne fuskar ƙungiya gaba ɗaya, shi ake ɗora wa alherinta da sharrinta. Ɗan Manchester da ke zaune kusa da filin Old Trafford yana da hanyar nuna fushinsa ga masu ƙungiya, kamar yadda suka yi a watan Mayu na 2021 lokacin da suka kutsa cikin filin suna adawa da iyalan Glazer, masu ƙungiyar, har aka ɗage wasansu da Liverpool. Mai goyon baya a ƙauyen Jigawa ba shi da wannan dama. Ba a shawarce shi ba kafin naɗin, ba za a ji muryarsa ba bayan naɗin, abin da ya rage masa kawai shi ne ya yanke hukunci a zuciyarsa ko zai amince da baƙon ko ba zai amince ba. Duk wanda aka ɗaura wa abu ba da shawararsa ba, alhali abin ya shafi farin cikinsa na kowane mako, dole zuciyarsa ta kasu biyu.

Shekaru ma suna raba mu, kuma a ganina wannan ce rabuwar da ta fi zurfi. Akwai magidanta a cikinmu da suka fara son United tun ana sauraren sakamakon wasa a Sashen Hausa na BBC, kafin faifan tauraron ɗan'adam ya iso ƙauyuka. Su Alex Ferguson suka sani, mutumin da ya riƙe ƙungiyar daga 1986 zuwa 2013 ya ci gasar Firimiya sau 13 da Kofin Zakarun Turai sau biyu. Idan sun buɗe baki, maganarsu ita ce a ba koci lokaci, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin Ferguson bai ɗauki kofinsa na farko a ƙungiyar ba sai a 1990, bai ci gasar lig ba sai a 1993, shekara kusan bakwai da zuwansa. Sai dai waɗannan dattawa da ke kiran a yi haƙuri su ne kuma suka fi kowa wuyar gamsuwa, saboda mudun da suke awo da shi ya yi girma, duk wanda aka zuba a ciki ba ya cika shi. Yaron da aka haifa a 2005 kuwa yana da shekara takwas Ferguson ya yi ritaya. Abin da ya tashi ya gani shi ne David Moyes, wanda aka ba kwantiragin shekara shida aka kore shi cikin wata goma, sai Louis van Gaal da aka sallama kwana biyu bayan ya ci kofin FA a 2016, sai Jose Mourinho, sai Ole Gunnar Solskjaer, sai riƙon ƙwaryar Ralf Rangnick, sai Ten Hag. A wurin wannan matashi, makon da aka naɗa sabon koci shi ne lokacin da ya fi samun damar ɗaga kai a gaban abokansa, domin a makon ba a riga an sha kashi ba. Ba na ganin laifinsa idan ya yi ɗoki. Haka kuma ba na ganin laifin tsaransa da ya ƙi yin ɗokin, domin wanda maciji ya sara, idan ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Abin da ke sa musun ba ya ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana da shaida ta gaskiya a hannunsa. Mai cewa canjin gaggawa yana da amfani zai nuna Chelsea, wadda ta kori koci a tsakiyar kaka ta ba Roberto Di Matteo riƙon ƙwarya ya ciyo Kofin Zakarun Turai a 2012, ta kuma maimaita hakan a 2021 lokacin da Thomas Tuchel ya maye gurbin Frank Lampard a watan Janairu ya ɗaga kofin a watan Mayu. Mai cewa haƙuri ne magani zai nuna Arsenal, wadda ta ɗauki Mikel Arteta a watan Disamba na 2019 alhali bai taɓa jan ragamar wata ƙungiya ba, ta jure ƙarewa a matsayi na takwas sau biyu a jere, kafin ya mayar da ita cikin masu takarar kofi. Mai tsoron wanda zai gaji babban mutum zai tuna da Moyes, sai a amsa masa da Arne Slot, wanda ya zo daga Feyenoord ya gaji Jurgen Klopp a Liverpool ya ci Firimiya a kakarsa ta farko. Ko tambayar da aka fi yi a teburin mai shayi, wato me ya taɓa ci, ba ta kai mutum ga tudun mun tsira. Van Gaal da Mourinho sun zo United kowannensu da Kofin Zakarun Turai a tarihinsa, amma babu wanda ya ci lig a cikinsu. Claudio Ranieri kuwa ya zo Leicester a 2015 bayan ƙasar Girka ta kore shi saboda shan kashi a hannun Tsibiran Faro, mutane suka yi ta mamakin zaɓin, sai ga shi ya ci Firimiya a 2016, kuma wata tara bayan nan ƙungiyar ta sallame shi, lokacin Ahmed Musa yana can.

Idan misalai suka saɓa wa juna haka, alama ce cewa akwai abin da ya fi sunan koci tasiri, kuma nan ne nake ganin musunmu ya fi rauni.

A ɗauki abin da kan faru a makonnin farko. Sau da yawa ƙungiya takan farfaɗo da zarar an canja koci, ta ci wasa uku ko huɗu a jere, masu murna su ce ga abin da suka faɗa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗan wasan da aka ajiye a benci yakan ga ƙofa ta buɗe masa, wanda ya saba samun gurbi ba wahala yakan farka. Amma akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba. Ba a cika korar koci ba sai lokacin da sakamako ya kai maƙura wajen muni, kuma a irin wannan lokaci galibi rashin sa'a da raunukan 'yan wasa da haɗuwa da manyan ƙungiyoyi a jere duk sun taru wuri guda. Waɗannan abubuwa sukan sassauta da kansu ko an canja koci ko ba a canja ba. Kamar mai mura ne da ya sha wani jiƙo a ranar da ciwon ya fi tsanani, washegari ya ji sauƙi ya ce jiƙon ne, alhali murar ta riga ta kama hanyar tafiya. Solskjaer ya karɓi riƙon ƙwarya a Disamba na 2018 ya yi ta cin wasanni, har ya fitar da Paris Saint-Germain a gidanta da ci 3 da 1, aka ba shi aikin dindindin a watan Maris na 2019 cikin wannan zumuɗi, daga nan sai ƙungiyar ta ƙare kakar da tangal-tangal a matsayi na shida. Karin maganar nan ta Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta ba ta cika aiki a wannan fage ba.

Sannan akwai gadon da sabon koci ke tararwa. Kowane koci yana da salon wasansa, kuma yakan sa a sayo masa 'yan wasan da suka dace da salon, a ba su kwantiragin shekara huɗu ko biyar da albashi mai tsoka. Idan aka kore shi bayan shekara biyu, 'yan wasan suna nan, ba mai iya sayensu saboda nauyin albashinsu, wanda ya gaje shi kuma ya zo da nasa salon da ke neman wasu irin mutane daban. Ƙungiyar da ta yi haka sau biyar ko shida takan wayi gari da tawaga mai kama da rigar da teloli da yawa suka ɗinka, kowa da irin awonsa. Batun Amorim misali ne a fili. A Sporting ta birnin Lisbon ya yi suna ne da tsarin 'yan baya uku, da shi ya ci gasar Fotugal a 2021, karon farko da ƙungiyar ta ci cikin shekara 19, ya sake ci a 2024. Kwana huɗu bayan an sanar da naɗinsa, kafin ya bar Lisbon, Sporting ta lallasa Manchester City da ci 4 da 1, kuma a daren gidan kallonmu ya kaure da sowa kamar United ce ta ci. Amma tawagar da ke jiransa a Ingila an gina ta ne don 'yan baya huɗu, an kashe kusan fam miliyan 200 a bazarar wannan shekarar wajen sayo wa Ten Hag 'yan wasa irin su Matthijs de Ligt da Joshua Zirkzee da Noussair Mazraoui, kuma sabon kocin ya shigo ana tsakiyar kaka, ana wasa duk bayan kwana uku ko huɗu, babu lokacin atisayen share fage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi murna da naɗin yana kallon abin da mutumin ya yi a Lisbon ne, wanda ya yi ɗari-ɗari kuma yana kallon gidan da za a sauke shi, kuma dukansu biyu idonsu bai yaudare su ba.

Wa ya shirya gidan haka? Wannan ce tambayar da na fi so a riƙa yi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Iyalan Glazer sun sayi United a 2005 da bashin da suka ɗora wa ƙungiyar kanta. A farkon 2024 Jim Ratcliffe ya sayi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari ya karɓi ragamar harkokin wasa. Shugabancin da ya kafa shi ne ya tsawaita kwantiragin Ten Hag a watan Yuli, ya kashe masa kuɗin da na ambata, ya kore shi a watan Oktoba, ya biya sama da fam miliyan 20 tsakanin diyyar wanda aka kora da kuɗin ɗauko wanda aka kawo, sannan a watan Disamba ya rabu da daraktan wasanni Dan Ashworth wanda bai wuce wata biyar a kujerar ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da koci ya yanke. Idan aka kwatanta da Liverpool, Slot ya tarar da tawaga zaunanniya, da Mohamed Salah da Virgil van Dijk da Alisson a cikinta, da ma'aikatan da suka zaɓe shi saboda salonsa ya yi kusa da na wanda ya tafi. Duk lokacin da muka shafe dare muna jayayya a kan koci ba tare da ambaton waɗanda suka ɗauko shi ba, mun bar jaki muna dukan taiki.

Akwai kuma wani ɓangare na zuciyar mai goyon baya wanda lissafi ba ya kaiwa gare shi, kuma ba na raina shi. Da yawa daga cikinmu wani ɗan wasa ne ya ja mu zuwa ƙungiya. Nwankwo Kanu ya cika Arsenal da magoya baya a ƙasar nan tun daga 1999, Mikel Obi ya yi wa Chelsea haka daga 2006. Don haka da an ce an naɗa sabon koci, tambayar da ke fara zuwa zuciyar wasu ita ce makomar gwaninsu. 'Yan Chelsea na ƙauyenmu har yau suna yi wa Antonio Conte kallon mutunci, domin ya tarar da Victor Moses ana ta ba da shi aro daga Liverpool zuwa Stoke zuwa West Ham, ya canja masa gurbi zuwa gefen dama, ya zama ginshiƙi a kakar da suka ci Firimiya a 2017. A ɗaya gefen, na san 'yan Arsenal da suka daɗe ba su yafe wa Arteta ajiye Mesut Özil a 2020 ba, saboda ƙaunar da ake yi wa ɗan wasan a Arewa ta haɗa da gwanintarsa da kuma yadda ake ganinsa yana ɗaga hannu yana addu'a kafin a take wasa. Marcus Rashford ne ya ci wa United ƙwallon farko a zamanin Amorim, a wasan da suka tashi kunnen doki da Ipswich, amma kafin wata uku an ba da shi aro ga Aston Villa, kuma wasu da suka yi maraba da kocin a Nuwamba sun juya masa baya a Fabrairu saboda wannan kaɗai.

Kada a manta cewa a ƙauye goyon baya abu ne na bainar jama'a. Kowa ya san ƙungiyar kowa. Wanda aka ci ƙungiyarsa ranar Lahadi zai sha zolaya a gona da kasuwa da tashar babura har Lahadi ta zagayo, kuma wanda ya yi saurin yabon sabon koci za a riƙe maganarsa a tuna masa ranar da abin ya ɓaci. Wannan ya sa wasu ke ɓoye fatansu a bayan shakka, suna so a zuci suna kushewa a baki. Mai gidan kallo shi ma yana da nasa lissafin, domin kuɗin man janareta da kuɗin DStv na wata ba sa jiran ƙungiya ta gyaru, kuma ya san cewa idan babbar ƙungiya ta lalace benci yakan zauna babu kowa, sabon koci kuwa yakan dawo da 'yan kallo ko da na 'yan makonni ne. Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne cacar ƙwallo ta waya da ta shigo cikin samarinmu. Wanda ya zuba kuɗin ƙwadagonsa a kan wasan yau ba zai saurari zancen gina ƙungiya cikin shekara uku ba, kuma zafin da ake ji a wasu muryoyi idan ana zagin koci zafin asarar kuɗi ne ya sanya rigar kishin ƙungiya.

A gida ma haka abin yake, sai dai a nan igiyar ta fi fitowa fili. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta faɗi zuwa rukuni na biyu a 2022 ta dawo bayan shekara guda. Ƙungiyar gwamnatin jiha ce, gwamnati ke naɗa shugabanninta, su kuma su ɗauko koci, saboda haka mai bin Sai Masu Gida, kamar yadda ake yi wa Pillars kirari, daga ƙauyukan Dambatta ko Wudil ya san cewa ingancin koci ba zai wadatar ba idan kuɗin tafiye-tafiye da alawus ɗin 'yan wasa ba su fito a kan lokaci ba, ko kuma idan canjin siyasa ya zo ya tafi da waɗanda suka kawo shi. Da an naɗa wa Pillars koci, za ka ji ana tambayar wa ya kawo shi, kuma ko za a sake masa mara ya yi aiki. Mutanen da suka iya yin wannan tambaya a kan ƙungiyar da ke wasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata su ne kuma suke mantawa da ita idan zance ya koma Ingila, saboda nisa ya ɓoye musu masu riƙe da igiyar.

Ni kaina ina cikin waɗanda suka yi maraba da Amorim da rabin zuciya, kuma rabin da ya ƙi amincewa ba da shi yake rigima ba. United ta ƙare kakar 2024/2025 a matsayi na 15 da maki 42, mafi muni tun da aka fara Firimiya a 1992. Fatan da ya rage shi ne wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Bilbao na Sifaniya, ranar 21 ga Mayu, lokacin muna cikin tsananin zafin bazara ana sharar gona ana duban gabas ko hadari zai taso. Rumfar ta cika har wasu na tsaye a waje suna leƙe ta taga. Tottenham ta ci 1 da nema, aka kashe janareta, jama'a suka watse cikin duhu ba mai ce wa wani uffan. Washegari da safe musun ya dawo teburin mai shayi, dattawa na cewa a bar shi ya sayi nasa 'yan wasan ya yi kaka cikakkiya, samari na cewa ya kamata ya tattara kayansa tun kafin damina ta sauka. Na zauna har aka tashi, kusan awa biyu, ban ji wanda ya ambaci Ratcliffe ko iyalan Glazer ba.